Kafin ka sayo wa tsohuwar kwamfuta katin hoto

Wanda ya sayo kwamfutar tebur 'yar Kwatano, irin Dell OptiPlex, yakan ga bidiyo na sarƙewa, sai a ce masa ya canza katin hoto. To Alhaji, buɗe akwatin tukuna. Injinan kafin 2004 galibi ramin AGP ne da su, katin PCI Express kuwa ba ya shigarsa. Sai maganar wuta: ramin PCI Express wat 75 kawai yake bayarwa, siririn akwati kuma na'urar wutarsa takan tsaya a wat 240. Babban kati zai riƙa kashe injin ana tsakar aiki. Ƙaramin GT 1030 mai cin wat 30 ya fi dacewa, amma a nemi mai gajeren ƙarfe, a kuma gwada shi gaban mai shago kafin a tsallako iyaka da shi.