Zagayen Birnin Kano a Ƙasa: Tarihi Cikin Gine-gine

Tarihin birni yana cikin littattafai, yana kuma cikin katangu da lunguna da sunayen unguwanni. Kashi na biyun nan ba ya samuwa ga wanda ya ratsa gari cikin mota. Sai mutum ya taka a ƙasa, tare da jagora wanda ya san wurin. Birnin Kano ya isa misali.

Ya kamata zagayen ya fara daga Dutsen Dala, domin a nan aka fara zama, tun zamanin Barbushe da bautar Tsumburbura. Daga kansa ana hango shimfiɗar birni, da kududdufan da suka rage, watau ramukan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu. Da an sauko sai Madabo, mazaunin malaman Wangarawa, waɗanda littafin Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). Sunayen unguwanni kansu shaida ne: Ayagi, Tudun Nufawa da Zangon Barebari suna nuna baƙin da fatauci ya kawo.

Daga nan sai Kasuwar Kurmi, sa'an nan Gidan Rumfa da Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Duka ukun ana danganta su da Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). A nan ne ya dace jagora ya daɗe, domin a nan ake ganin gwanintar magina. Da tubali ake tā da bango, watau curin ƙasa da aka busar a rana, ana sa masa kauri daga ƙasa, yana raguwa zuwa sama. Rufi kuwa na azara ne, wadda ake tsagawa daga giginya, saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Amma azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi faɗi. Don haka magina suka ƙago bakan gizo: ana jera azara hawa-hawa daga bango, kowace tana zarce ta ƙasanta, har su haɗu a tsakiya. Da wannan dabara ake samun soro mai faɗi ba tare da ginshiƙi ba. A waje kuma akwai zanko a kusurwa, da indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango, da shafen makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa.

Zango na ƙarshe shi ne marinar Ƙofar Mata da ganuwa. Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara ganuwar, aka faɗaɗa ta a zamanin Rumfa da na Muhammadu Nazaki (1618–1623). Mai tafiya a ƙasa zai ga abin da taswira ba ta nunawa: wani wuri zaizaya ta cinye ta, wani wuri an gina shaguna a kanta, ƙofofi da dama kuma an sāke su da siminti.

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe kafin kowace damina. In aka daina, sai ya koma ƙasa. Saboda haka wannan zagaye ya wajaba musamman ga ɗalibai, da ma'aikatan da takardun fili da izinin gini suke bi ta hannunsu. Wanda ya taka gindin ganuwa ya ga halin da take ciki zai yi nazari kafin ya sa hannu a yanka ta.