Yoyo, feshi da laima: kare ɗakin ajiya na garka daga ruwa

Wannan ɗan bayani ya shafi ɗakin da mai garka yake ginawa a bakin fadama don ajiye iri, taki, injin ban-ruwa da albasa. Matsalar fassara ce ta jawo hankalinmu gare shi. Takardun horar da manoma da ake rubutawa da faransanci sukan yi amfani da kalma guda, *humidité*, mai fassara kuma ya mai da ita « ruwa » ko « sanyi ». A wurin magini kuwa abubuwa ne dabam-dabam, kowane da maganinsa. Yoyo daga rufi yake zuwa. Feshi shi ne ruwan da iska ke korowa ya bugi bango. Laima, ko danshi, daga ƙasa take tasowa, naso kuma shi ne tabon da take bari a jikin gini. (Laimar da muke nufi ba ita ce ta shiga inuwa ba, karin sauti ne ya raba su, abin da rubutunmu ba ya nunawa.) Wanda aka ce ma shi ya kare ɗakinsa daga « ruwa » zai gyara rufi ya mance da gindi, alhali ta gindi ginin ƙasa ya fi faɗuwa.

Ga yadda abin yake. Tubali yana tsotsar ruwan ƙasa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ruwan yana hawa tare da gishirin da ke cikin ƙasar, in ya bushe gishirin ya rage, ya dinga marmashe gindin bangon. A fadama, inda ruwa yake kusa, abin ya fi muni. Saboda haka ake neman tudu, a yi tushe da dutse ko bulo na siminti har ya ɗara ƙasa da santimeta 30 zuwa 40, a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta kafin a ɗora tubalin farko. A waje kuma a yi ciko mai gangara, a tabbata indararo yana zubar da ruwa nesa da bango. Buhunan iri da na taki a kan itace ake ɗora su, ba a kan daɓe ba.

Ruwan shekara ba shi da yawa: wajen milimeta 500 a Maraɗi, ƙasa da haka a Tawa. Amma mafi yawansa cikin Yuli da Agusta yake sauka, da ƙarfi, kuma hadari daga gabas yake tasowa. Bangon gabas ne ke shan feshi, shi ya sa ba a son ƙofa ta wannan ɓangare, kuma shi ake fara yi wa yaɓe kafin damina. Rushewar tsohon masallacin ƙasa na Damagaram a Satumba 2024 ta nuna abin da damina mai ƙarfi ke iya yi wa babban gini ma, balle ɗakin garka.

Magina na da suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ƴaƴan ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, gashin majema da dafara. Dukansu suna rage shigar ruwa ba tare da sun hana bango shan iska ba. A ganinmu nan ne shafen siminti ya gaza: ba ya kama ginin ƙasa da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa mafita, har wata rana shafen ya ɓantaro tare da guntun bango.

Rufin kwano, wanda a nan ake ce wa tol, yana maganin yoyo in an bar ma shi baki mai tsawo, an kuma ɗaure shi don iska. Sai dai yana tara zafi da rana, da asuba kuma ya yi gumi ya ɗiga bisa kaya.

Albasa ce ta fi nuna haɗarin fassarar da ba ta dace ba. A yankin Galmi da Madawa ana cire ta a Maris da Afrilu, a ajiye cikin rudu, wato bukkar kara da ciyawa da aka ɗora bisa itatuwa, ana jiran farashi ya hau bayan damina. Albasa tana numfashi, tana fitar da ruwa. Iskar da ke ratsa rudu ta ƙasa da ta gefe ita ke hana ta ruɓa. In aka fassara *étanche* da « a toshe ko'ina », manomi ya lulluɓe rudunsa da leda, to ya tsira daga yoyo amma ya kulle laima a ciki, funfuna ta cinye abin da ya noma. Abin da ya kamata takardar ta ce shi ne a sabunta jinka, a bar gefe da ƙasa a buɗe.