Gahawa Mai Ƙanƙara: Yadda Uwargida Za Ta Haɗa Ta A Gida

Duk wanda ya yi bazara a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ya san yadda watan Maris da Afrilu su ke. Rana ta kan take tun hantsi, iska ta tsaya cik, mutum ya sha ruwa ya ƙara sha, ƙishi bai tafi ba. A irin wannan lokaci ne wani ɗanmu da ke karatu a Kaduna ya zo hutu, ya ba mu labarin abin da ya sha a wani kanti na birni, watau gahawa da madara da ƙanƙara a cikin dogon tambulan, da kumfa a bisa. Da muka tambaye shi nawa ya biya, sai mahaifiyarsa ta riƙe baki, gama kuɗin ya fi na mudun masara. Muka ce, to, bari mu bincika mu ga ko abin ya fi ƙarfin madafin uwargida. Mun gwada, mun ɓata, mun sāke gwadawa. Ga abin da muka samu.

Daga ina gahawa ta fito?

Waɗansu su kan ce kofi, amma tun da ya ke kofi a wurinmu shi ne abin da a ke zuba shayi a ciki, za mu riƙa cewa gahawa, kalmar da muka aro daga Larabci. Asalin itacen daga ƙasar Habasha ne. A Yaman aka fara noma shi sosai, ana fitar da 'ya'yansa ta tashar jiragen ruwa ta Mokha. Yau ƙasar Barazil ce ta fi kowa noma shi. A Nijeriya ma ana nomansa kaɗan, musamman a kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda a ke da sanyi da ruwan sama mai yawa. Wadda muka fi sani a teburin mai shayi kuwa ita ce ta gari mai narkewa nan da nan, irin su Nescafé, wadda aka fara sayarwa a ƙasar Suwizalan a 1938.

Shan ta da sanyi ba sabon abu ba ne. Mutanen Biyetnam su kan sha tasu da madara mai kauri mai zaƙi da ƙanƙara. A 1957 kuma, a wajen baje koli na birnin Tasalonika a ƙasar Girka, wani ma'aikaci mai suna Dimitris Vakondios ya nemi ruwan zafi bai samu ba, sai ya girgiza garin gahawa da ruwan sanyi, kumfa ya tashi. Har yau abin shan bazara ke nan a ƙasar Girka. Wannan dabara ta dace da mu ƙwarai, domin ba ta bukatar wutar lantarki ko inji.

Hanya ta fari: ta girgizawa

Ki nemi kwalba mai tsabta mai murfi da ke rufuwa sosai. Ki zuba garin gahawa cokalin shayi 2, sukari cokalin shayi 2, da ruwan sanyi babban cokali 3 ko 4. Ki rufe, ki girgiza da ƙarfi kamar minti 1, har ki ga abin ya zama kumfa mai kauri, launin ƙasa-ƙasa. Ki juye a tambulan, ki sa ƙanƙara, ki zuba madara, sa'an nan ki cika da ruwan sanyi a hankali ta gefen tambulan domin kumfan ya hau bisa.

Kuskuren da muka yi da fari shi ne, mun haɗa ta daidai yadda mu ke haɗa mai zafi, muka jefa ƙanƙara. Kafin mu kai rabi ta zama salam, sai ka ce ruwan wanke tukunya. Ƙanƙara ruwa ce, tana narkewa tana tsinka abin sha. Saboda haka gahawar da za a sa wa ƙanƙara dole ta ninka ta kullum ƙarfi. Asirin masu kanti ke nan, ba wani abu ba.

Hanya ta biyu: ta jiƙo

In maigida ya samo 'ya'yan gahawa soyayyu daga Kano ko Kaduna, ki daka su a turmi mai tsabta, amma kada su yi laushi, su zama kamar tsaki. Ki auna gwangwanin madara 1 na wannan tsaki, da gwangwani 4 na ruwan da aka tafasa ya huce. Ki haɗa a mazubi mai murfi da yamma, ki ajiye a wuri mai sanyi ya kwana, kamar sa'a 12. Da safe ki tace da farin ƙyalle, yadda ki ke tace kamu. Wannan jiƙo ba shi da ɗaci kamar wanda aka dafa, amma yana da ƙarfi, sai an surka shi da ruwa ko madara rabi da rabi. In babu firji, a shanye shi a ranar.

Zaƙi da madara

Sukari ba ya narkewa da sauri a ruwan sanyi, ya kan kwanta a gindin kofi. Maganin wannan shi ne ki dafa kofi 1 na sukari da kofi 1 na ruwa har ya narke, ki jefa 'yar citta da kanumfari 3 ko ɗan kirfa, ya huce, ki tace ki zuba a kwalba. In kin yi shi da mazarƙwaila, za ki sami ƙanshi da ɗanɗano irin wanda a ke ƙara wa mutane kuɗi dominsa a birni.

Madarar gwangwani ta fi ba da kauri. Ta gari ma ta yi, in an dama ta da ruwa mai ɗumi tukuna aka bari ta huce. In madarar shanu ce daga ruga, lalle a tafasa ta kafin a sha, gama ɗanyar madara tana iya ɗaukar cuta daga saniya zuwa mutum. Nono kuwa ba ya shiri da gahawa, tsaminsa ya kan sa abin ya tsinke. Tun da ya ke muna noman waken soya a wannan yanki, matan da su ke yin awara sun riga sun san yadda a ke fitar da madararsa. Ita ma ta yi daidai, in an dafa ta sosai.

Maganar ƙanƙara

Nan ne mu ke roƙon masu karatu su kasa kunne. Mutane da yawa suna tsammani sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta. Ba haka ba ne. In an daskarar da ruwa marar tsabta, ƙwayoyin kwalara da na taifot suna iya rayuwa a ciki, da ƙanƙarar ta narke sai su shiga ciki tare da abin sha. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, Jihar Katsina kuwa tana cikin inda abin ya yi tsanani. Ƙanƙarar da a ke sayarwa a leda a bakin kasuwa, ba mu san da wane ruwa aka yi ta ba, ba mu kuma san hannu nawa ta bi ba.

To, ga shawararmu. In kuna da firji, ku yi taku ƙanƙarar da ruwan da aka tafasa. Kuna ma iya daskarar da ragowar gahawa, ta zama ƙanƙarar da ba ta tsinka abin sha. In saya za ku yi, kada ku jefa ta a cikin tambulan. Ku fasa ta a bokiti ko kula, ku tsoma kwalbar gahawa a rufe a ciki. Sanyin zai shiga, ruwan ba zai shiga ba.

In babu ƙanƙara sam, randa tana nan. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa, iska na busar da shi, yana tafiya da zafi, shi ya sa na ciki ya ke yin sanyi. Da wannan hikima ce wani malami a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki sa kwalbar a irin wannan tukunya, ko ki naɗe ta da jiƙaƙƙen ƙyalle ki rataya a inuwa inda iska ke bi. Ta fi aiki da rani, sa'ad da iska ta ke a bushe.

Zuma da zaƙi da harbi

Abin da ke cikin gahawa mai kore barci, shi ne ke cikin goro da ganyen shayi. Ya kan daɗe a jiki, bayan kamar sa'a 5 rabinsa yana nan. Wanda ya sha da dare, kada ya yi mamaki in ya kwana yana juyi. Gara a sha da hantsi ko da tsakar rana. Tambulan 1 ko 2 ya isa babba a yini. Mai juna biyu ta tsaya a kan 1 marar ƙarfi, mai hawan jini ko ciwon gyambon ciki ya tambayi likita tukuna. Kada a sha tare da abinci, domin tana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Game da sukari kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada babba ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi, wannan kuwa har da na shayi da na lemon kwalba. Yara ƙanana a ba su madara mai sanyi, ko kunun aya, ko zoɓo, su ma a zuba musu a tambulan irin na manya domin kada ransu ya ɓaci.

A shekarun nan, rashin tsaro ya sa iyaye da yawa a wannan yanki ba su son samarinsu su daɗe a waje. Saurayi kuwa yana son wurin zama da abokai da abin kurɓa. In ya san akwai kwalba mai sanyi a gindin randar mahaifiyarsa, da tabarma a inuwa, zai kawo abokansa gida, kuɗinsa kuma ya zauna a aljihu. Ɗan namu na Kaduna da ya ɗanɗana ta mazarƙwaila, bai ce kome ba, sai ya miƙo tambulan a ƙara masa.

Ku gwada, ku rubuto mana yadda taku ta kasance.