Kafin Ka Biya Kuɗin Gida

Magidanci yakan yi shekara ashirin yana tara kuɗin gida, ya kuwa rasa su a yini guda saboda gaggawa. Sau da yawa ba ginin ne yake kawo rigima ba, mai sayarwa ne.

Saboda haka ka fara da tambayar wanda yake da ikon sayarwa. In gidan gādo ne, kada ka dogara ga bakin ɗa guda, ko da shi ne babba. Sai dukan magada sun yarda, har da matar marigayin, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Ka tambayi mai unguwa da maƙwabta, gama sun san tarihin kowane gida.

A Nijeriya, dokar filaye ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamnan jiha. Shi yake ba da takardar shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, kuma ba a mai da ita sunan wani sai da yardarsa. Ka kai lambarta ofishin filaye a duba sunan da ke ciki, a kuma gani ko an jinginar da gidan a banki.

Ka ziyarci gidan da damina, musamman a watan Agusta. Lokacin ne rufi mai yoyo da tsakar gida mai tara ruwa sukan tona asirin kansu.

Kai kuma mai sayarwa, ka shawarci uwargida tukuna, ku san inda za ku koma. Ka yanke la'adar dillali tun farko. In gara ta ci azara, ka faɗa wa mai saye kafin ya biya.