BABI NA UKU: HULƊAR CIBIYOYIN BINCIKEN INJINIYA NA JAMI'O'I DA HUKUMOMIN TSARO DA MASANA'ANTU, DA TASIRINTA A FADAMAR KOGIN HAƊEJA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda cibiyoyin bincike na jami'o'i kan haɗa gwiwa da hukumomin tsaro da masana'antu, sannan a dubi irin amfanin da wannan hulɗa ta yi wa al'ummar da ke zaune a fadamar Kogin Haɗeja. Dalili kuwa shi ne, rayuwar manomi da masunci da makiyayi a wannan yanki ta rataya ne a kan ayyukan da injiniyoyi suka tsara a wurare masu nisa da su.

3.1 Ma'ana da Asali

Abin da ake nufi da cibiyar bincike a nan shi ne wani sashe na jami'a da aka keɓe domin warware wata matsala ta zahiri, ba domin koyarwa kaɗai ba. Jami'a ke bayar da masana da ɗalibai da ɗakunan gwaji, ita kuwa hukuma ko masana'anta ta kawo matsalar da kuɗin aiki, daga baya ta karɓi sakamakon ta yi amfani da shi.

Wannan tsari ya yi ƙarfi ne a Amurka tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Alal misali, a 1951 aka kafa cibiyar Lincoln a ƙarƙashin jami'ar MIT domin ƙera na'urorin hango jiragen abokan gaba. Haka kuma a 1969 ma'aikatar tsaron ƙasar ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin cibiyoyi huɗu, wanda shi ne tushen intanet. Wannan ya nuna cewa abin da aka ƙirƙira domin soja kan koma ya amfani farar hula.

3.2 Ɓangaren Tsaro a Nijeriya

A 1964 aka kafa masana'antar ƙera kayan yaƙi ta DICON da kuma Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, duka a Kaduna. Misali mafi bayyana na hulɗar soja da jami'a shi ne na Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama da ke Kaduna, wadda ta riƙa tura jami'anta Jami'ar Cranfield ta Ingila domin koyon tsara jirage. Wannan ƙoƙari ne ya kai ga ƙaddamar da jirgi maras matuƙi mai suna Gulma a 2013, da kuma Tsaigumi a 2018. Ko da yake domin leƙen asiri aka yi su, idon da ke hango maɓoyar ɗan ta'adda daga sama zai iya hango inda hanyar ruwa ta toshe. Haka ma tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, wanda aka harba a 2003, ya kasance cikin jerin taurarin da ke sa ido kan bala'o'i irin su ambaliya kafin ya daina aiki.

3.3 Matsalar Fadamar Haɗeja

Kogin Haɗeja ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa. A da, ruwa kan malala a fadama da damina, ya janye da rani, ya bar danshi da taki. Da haka ake noman shinkafa, a kama kifi, a shuka wake da kayan lambu bayan janyewar ruwa, dabbobi kuma su sami kiwo.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, sannan aka kammala madatsar Calawa a 1992. Madatsun sun samar da ruwan sha ga birnin Kano da ruwan noman rani a Kadawa da Auyo, amma sun sauya ɗabi'ar kogin. Tunda ana sakin ruwa har da rani, hanyoyin ruwa sun daina bushewa, yashi da laka suka taru, ciyawar kacala ta sami wurin yaɗuwa. Da ta toshe wasu rassan kogin, sai ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma da tafkin Nguru ya cinye gonaki, alhali wasu garuruwan na ƙasa suna fama da ƙarancinsa. Bugu da ƙari, kacala ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ambaliyar 2018 da 2020 da 2022 ta jawo asarar gidaje da amfanin gona a masarautar Haɗeja.

3.4 Gudummawar Jami'o'i

Na farko, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922 kuma ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana da tashar gwajin noman rani a Kadawa. Haka kuma injiniyoyinta sun tsara ƙananan injinan sussuka da ɓare hatsi domin maƙeran gida su kwaikwaya.

Na biyu, bayan an fara Shirin Kiyaye Fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, masana daga Kwalejin Jami'a ta Landan sun lissafa yadda ruwa ke shiga fadamar da yadda yake fita. Da aka haɗa wannan da lissafin masana tattalin arziki, sai aka gano cewa ribar manyan ayyukan ban-ruwa na sama ba ta cike gurbin asarar noma da su da itace da ake yi a fadama. Saboda haka suka ba da shawarar a riƙa sakin ruwa da damina ta yadda zai yi kama da malalar da aka saba.

Na uku, a ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da Jami'ar Maryland ta Amurka da wata jami'ar fasaha ta birnin Madrid da cibiyar malaman gona ta Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada sarrafa kacala ta zama iskar gas ta girki da abincin dabbobi. Hikimar ita ce, idan ciyawar ta zama abin samun kuɗi, jama'a da kansu za su riƙa yanke ta.

3.5 Cikas

Idan aka yi la'akari da waɗannan misalai, za a ga cikas iri uku. Na ɗaya, mai kuɗi ke zaɓar abin da za a bincika, don haka buƙatar masunci ba ta cika samun shiga ba. Na biyu, aikin jami'a shi ne yaɗa ilimi, aikin soja kuwa na buƙatar sirri, ita ma masana'anta tana ɓoye dabararta saboda gasar kasuwa. Na uku, gwaji kan tsaya da zarar wa'adin tallafi ya ƙare, matuƙar babu masana'antar da za ta ƙera na'urar da yawa a farashin da talaka zai iya saye.

3.6 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa jami'o'i sun gano musabbabin matsalar fadamar Haɗeja, sun kuma nuna wasu hanyoyin magance ta, sai dai abokan hulɗarsu a nan hukumomin ruwa ne da masu ba da tallafi, ba soja ko masana'antu ba. Hausawa kan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja su nemi hotunan sama daga hukumomin da ke da su, su kuma jawo maƙera da 'yan kasuwa tun farkon bincike. Babi na gaba zai dubi ra'ayin manoma da masunta game da waɗannan ayyuka.