Cinikin Biri a Sama: Me Ya Sa Damfarar Saye ta Waya Ta Ƙi Ci Ta Ƙi Cinyewa?

Alƙaluman NIBSS, hukumar da hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan Najeriya ke bi ta hannunta, sun nuna cewa asarar da damfara ta jawo ta tashi daga naira biliyan 17.67 a 2023 zuwa biliyan 52.26 a 2024. An yayata adadin, an jinjina kai, an wuce. Amma wannan lissafi na abin da bankuna suka kai rahoto ne kawai. Matar da ta ga atamfa a Instagram, ta tura kuɗin turmi biyu, aka toshe lambarta da zarar alat ya shiga, da wuya a ce tana cikinsa. Da hannunta ta tura, kuma sau da yawa ko mijinta ba ta gaya wa ba.

Duk wanda ka ba wannan labari, amsarsa ɗaya ce: kwaɗayi. Ni ban gamsu ba. Kuɗinmu ne ya koma cikin waya cikin 'yan watanni, ya bar duk abin da ke tsare ciniki a can bakin kasuwa.

A Kantin Kwari, idan ka sayi shadda ka je gida ka tarar ba ita ba ce, ka san layin, ka san rumfar, ka san maigidan yaron da ya sayar maka. In ya ƙi sauraronka akwai maƙwabtansa, akwai shugabannin kasuwa, akwai dillalin da ya kai ka, wanda la'adarsa ta gobe ta dogara da sunansa na yau. Ɗan kasuwa na tsoron a ce da shi macuci a gaban waɗanda yake sallah da su sahu ɗaya. Hatta malamanmu na zaure, a babin ciniki, sun yi dogon bayani kan sayen abin da ba a gani ba, da biyan kuɗi kafin kaya su zo, suka gindaya sharuɗɗa: a siffanta kayan, a faɗi adadi, a yanke lokaci, kuma mai saye na da damar mayarwa idan ya ga aibi. Dukkan wannan an gina shi ne a kan cewa mai sayarwa mutum ne da ake iya samu. Shafin Instagram ba shi da rumfa. Yau sunansa na kayan lefe, gobe na kayan kicin, mabiyansa dubu hamsin ɗin ma ana iya sayensu.

Abin da ya hanzarta lamarin shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan da Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin naira. Mai shayi, mai kayan miya, tsohuwar da ba ta taɓa shiga banki ba, kowa ya koyi tiransifa a dole. OPay da PalmPay da Moniepoint suka cika gari, lambar wayarka ta zama lambar asusunka. Alheri ne, ba musu. Sai dai kuɗin da aka tura ta wannan hanya yana isa cikin daƙiƙoƙi, kuma ba ya dawowa don ka yi nadama. Kafin ka gama kiran banki an rarraba shi zuwa asusu biyu ko uku, an cire a wurin mai POS. Babban Banki ya farga daga baya: a Disambar 2023 ya wajabta haɗa ƙananan asusu da BVN ko NIN, a Afrilun 2024 kuma ya dakatar da OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa na wasu makonni. Macuta suka sauya salo, suka koma sayen asusu da bayanan talakawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan aka bi sawu, sai a tarar da wani bawan Allah a ƙauye wanda bai ma san an yi ciniki da sunansa ba.

Sai kuma tsada, wadda ta yi wata ɓarna da ba a cika lura da ita ba. Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da sakin naira wata guda bayan haka, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan yanayi mutane sun daina sanin farashin gaskiya na komai. Da, in aka ce maka ga waya a rabin kuɗinta, nan take ka san da walakin. Yanzu mai sayarwa zai ce tsohon sari ne, ko oda ce kai-tsaye daga China ba dillali, kuma maganar na iya zama gaskiya, tunda ga Temu nan ta shigo a ƙarshen 2024 tana sayar da kaya a farashin da ke sa mutum ya sake duba allon wayarsa. Ɗan damfara mai wayo ma ba ya karya farashi warwas. Ɗan ragi yake yi, daidai wanda zai sa uban da ke haɗa kayan ɗakin 'yarsa ya ji sauƙi ya samu, sannan ya ce saura biyu, wanda ya riga biya shi ke da kaya. Gab da Sallah da lokacin bukukuwan aure kasuwarsu ta fi ci.

Masu cewa kwaɗayi ne suna da ɗan abin kamawa. Ƙasar da ta sha damfarar ninka kuɗi ta MMM a 2016, ta sake faɗawa CBEX a 2025, ba za a wanke ta tas ba, kuma akwai wanda in an nuna masa iPhone a kuɗin ƙaramar Tecno zai tura kafin alƙalami yana murna. To amma neman ninka kuɗi daban, neman ragin dubu biyar a kan abaya daban. Wannan zargi na kwaɗayi ma shi ke rufe bakin waɗanda aka cuta, domin ba mai son a yi masa dariya a kan asara. Shirun nan kuwa jari ne ga macuci: mutum ɗari ya karɓi dubu ashirin-ashirin a hannunsu, babu ko ɗaya da zai ɗauki ɗawainiyar zuwa wurin 'yan sanda ko EFCC ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC a kan kuɗin da zirga-zirgar ma za ta iya cinyewa.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne masu sana'ar gaskiya, musamman matan aure da ke sayar da turaren wuta, leshi da kayan yara daga cikin ɗakunansu ta WhatsApp. Wayar ta ba su kasuwar da iyayensu mata ba su samu ba sai ta hannun 'yan talla. Yanzu baƙuwar mai saye ba ta yarda ta biya kafin ta gani, ita kuma mai kaya ba ta yarda ta sa a mota kafin ta ga kuɗi, domin su ma ana cutarsu da alat na bogi da hoton rasit da aka gyara. Ciniki sai ya koma tsakanin dangi da ƙawayen dangi. Taurarin fim da na TikTok da ke karɓar kuɗin talla ba tare da sun taɓa ganin kayan ba, su ma suna da kaso a wannan zunubi, ko da ba a faɗa musu.

Dabarun da mutane suka ƙirƙiro da kansu duk ƙoƙari ne na dawo da shaida cikin ciniki. Wasu na neman a kira su ta bidiyo a ɗaga kayan a gabansu. Wasu na duba ko sunan asusun ya dace da na mai shagon, ko shafin ya sha sauya suna, ko an rufe wurin sharhi. Wanda ke da ɗan'uwa a Kano yakan tura shi Farm Centre ko Kwari ya gani da idonsa kafin a biya. A tashoshin mota kuwa, wani direban da aka sani shi ke riƙe kaya har mai saye ya duba, sannan a saki kuɗi. Jumia ta gane haka tun farkon kafuwarta a 2012, shi ya sa ta yi suna da biya bayan kaya sun iso. Aikin da direban tasha ke yi da amana da lambar waya, kamfanonin da ke samun riba a kan kowace tiransifa za su iya mayar da shi maɓalli guda a manhajarsu: kuɗi ya tsaya a tsakiya har mai saye ya ce ya karɓa. Babban Bankin da ya iya hana su ɗaukar sababbin mutane a 2024 yana da ikon sa su yi hakan.