Shirin Musamman: Difloma a Hannu, Ƙafa a Kasuwa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Shirinmu na yau na ɗalibai ne, musamman 'ya'yanmu na Batsari da Safana da ke karatun difloma a fannin kasuwanci. Na iyayensu ne kuma, waɗanda ke fitar da buhun gero ko su kai akuya kasuwa domin a biya kuɗin makaranta. Za mu yi magana a kan watannin nan da ake tura ɗalibi waje ya koyi aiki, abin da ɗalibai ke kira IT. Ina ake zuwa? Me ake koyowa? Kuma me garinmu ke samu a ciki?

Bari mu yi saurin share fage. Yaro ko yarinya ya gama sakandare da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ya rubuta JAMB, ya samu gurbi. Da yawa daga yankinmu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina suke nufa, wadda aka kafa a 1983, tun Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Tana kan hanyar Dutsin-Ma, don haka ɗan Safana da ya biyo ta nan sai ya wuce ƙofarta kafin ya shiga birni. Ƙaramar difloma, wato ND, shekara biyu ce. Ana koyar da akanta, da tattalin arziki, da dabarun talla da sayarwa, da dokokin ciniki, da tafiyar da ma'aikata. Bayan shekarar farko ana fita koyon aiki na wata huɗu a ƙarƙashin shirin SIWES. In an gama ND kuma, sai an yi shekara guda cur ana aiki a waje kafin a dawo babbar difloma, HND. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke sa ido a kan manhajar.

To, wannan ke nan. Yanzu ku gyara zama, domin akwai labarin da ya daɗe yana ba ni sha'awa.

(KIƊA)

A shekarar 1929, bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano. Cikin waɗanda suka fara kai ajiya akwai Alhaji Alhassan Ɗantata, kuma abin da tarihi ya riƙe shi ne, kuɗinsa kayan raƙumi ashirin ne na tsabar azurfa. Raƙumi ashirin, jama'a! Ku kawo abin a ranku. Raƙuma sun gurfana a ƙofar banki, ana sauke mangaloli, ana zube sulalla, ana ƙirga. Ni kuwa abin da ke tsaya mini a rai ba yawan kuɗin ba ne. Tambayata ita ce, a ina mutumin nan ya koyi riƙon dukiya har ta kai haka ba ta watse ba?

An haife shi a Bebeji a 1877. Mahaifinsa bafatake ne, ya rasu yana ƙarami. Mahaifiyarsa ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara, a ƙasar Gana ta yau. Yana saurayi ya bi ayari zuwa Gwanja, hanyar goro, tafiyar watanni a ƙasa. Ayarin nan kuwa makaranta ce sukutum. Akwai madugu mai jagorancin tafiya, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai mai masauki a kowane zango, akwai dillali. Yaro na farawa da ɗaurin kaya da kula da jakuna. Daga nan ya koyi yayyafa wa goro ruwa da sauya masa ganye kada ya lalace. Sannan ya koyi tayi, ya koyi gane wanda za a ba bashi da wanda za a ce wa sai gobe. Sai ubangida ya ga ya nuna, ya yanka masa ɗan jari, daga baya ya sallame shi ya tsaya da ƙafarsa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, wannan horon ne ya sa kamfanin Turawa na Neja ya nemi Ɗantata a 1918 ya zama wakilinsa na sayen gyaɗa.

Ku lura da yadda gidan ya ci gaba. Tattaɓa-kunnensa, Aliko Ɗangote, ya je Jami'ar Azhar a Masar ya yi karatun kasuwanci, sannan ya dawo ya fara ciniki a 1977 da jarin da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Ga aji, ga kuma gidan ciniki. Ba a yar da ɗaya don an samu ɗaya ba.

Abin nan da muke gani kamar baƙo, koyon aiki a hannun wanda ya iya, namu ne tun kaka da kakanni. Turawa ma daga baya suka shigar da shi jami'a. A 1906, wani malamin injiniya a Amurka mai suna Herman Schneider ya fara gwaji a Jami'ar Cincinnati da ɗalibai 27. Ya haɗa su bibbiyu: wannan mako ɗaya na aji ɗaya na masana'anta, mako mai zuwa su yi musaya. A nan gida kuwa, an kafa Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, a 1971, hedikwatarsa a Jos. A 1973 ya ƙirƙiro SIWES, saboda masu masana'antu na kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda amma hannunsu bai san aiki ba.

(KIƊA)

In yanzu kuka kama mu, shirin musamman ne a kan difloma ta kasuwanci da koyon aiki, muna duban Batsari da Safana.

To, yaya abin yake a ƙasa? Makaranta ta ba ɗalibi wasiƙa da littafin da zai riƙa rubuta aikin kowace rana, wanda shugaban wurin aiki zai sa wa hannu, malami kuma ya zo dubawa. Ɗalibi ya ɗauki wasiƙa ya shiga gari. Banki ya ce babu gurbi. Kamfani ya ce a dawo wani mako. Wanda ke da ɗan uwa a ma'aikatar gwamnati ya samu kujera a wani ofis, inda sau da yawa aikin bai wuce kai fayil da sayo abinci ba. Wani ma gida yake komawa ya yi noma, in lokaci ya yi ya cika littafi a dare ɗaya, ya nemi mai hatimi ya buga masa. Kowa ya san ana yi. Ba na jin daɗin faɗa, amma ɗalibin da ya yi haka kansa ya cuta, kuma ya cuci tsohon da ya sayar da akuya.

Ɗan Batsari da ɗan Safana nauyinsu ya fi na ɗan birni. Ɗan birni daga gidansu zai riƙa zuwa wurin aiki. Namu kuwa sai ya nemi wurin kwana a Katsina, ya ci daga aljihunsa, wata huɗu. In 'ya mace ce, sai iyaye sun samu gidan dangi da hankalinsu ya kwanta da shi. In ya ce zai yi a gida, manyan kamfanoni ba su nan, kuma malamin da zai zo dubawa sai ya yi tunanin tsaron hanya. Duk wanda ke zaune a gefen Dajin Rugu ya san abin da nake nufi, daga Ruma da Wagini har Runka da Zakka.

Amma ku saurara da kyau, domin nan ne zuciyar shirin. Wai don babu kamfani mai bene, shi ke nan babu kasuwanci a Batsari? Ku je ranar Alhamis ku gani. Hatsi, rogo, dankali, dabbobi, motoci na lodi tun safe har yamma. Kuɗin da ke juyawa a wannan rana ba kaɗan ba ne, kuma mafi yawansa a ka ake riƙe lissafinsa.

Bari in ba da misali, ƙiyasi ne kawai domin a fahimta. A ce mutum ya sayi buhun masara naira 40,000 a Batsari, ya sayar 45,000 a Katsina. In ka tambaye shi zai ce ya ci ribar 5,000. To, zauna da biro. Buhun da aka zuba, 500. Ɗinki da lodi, 300. Kuɗin mota, 2,000. La'adar dillali, 500. Saukewa, 200. An tashi 3,500. Saura 1,500. Ba a cire kuɗin cajin POS ba, ba a cire abincinsa na hanya ba. In kuma bashi ya bayar, sai bayan mako uku za a biya shi, farashi ya riga ya motsa a kasuwa. Sai ka ga mutum yana juya kuɗi shekara da shekaru, jama'a na ce masa Alhaji ya samu, alhali uwar kuɗin ce ke narkewa a hankali. Wannan lissafin da na yi yanzu, ɗalibin shekarar farko ya iya shi. An koya masa a aji. Abin da bai iya ba shi ne ya sa hannu cikin buhu ya gane masarar da ba ta bushe ba, ko ya dubi fuskar mai saye ya san ko zai cika alkawari. Wannan kuwa Alhaji ya iya. Kowannensu na riƙe da abin da ɗayan ke nema.

Kuma yankinmu ya ga darasin da babu littafin da ya rubuta shi. A ƙarshen watan Agusta na 2021, gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama saboda tsaro, har da na Batsari da Safana. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su ma suna ciki, aka yi watanni a haka. Mai POS ya zauna babu sabis. Mai kaya ba ya iya kiran abokin cinikinsa ya ji farashi. Sai ga farkon 2023, canjin kuɗi ya zo, takardar naira ta ɓace, mai akuya ya ƙi karɓar tiransifa, mai saye kuma ba shi da tsaba. Wa ya tsira, wa ya karye, kuma me ya sa? Wanda ya zuba jarinsa duka a kaya iri ɗaya, yaya ya ƙare? Wanda bashinsa ke rubuce da wanda nasa ke ka, wa ya fi karɓo haƙƙinsa? Ɗalibin da ya zauna da 'yan kasuwarmu ya bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta rahotonsa a kai, wallahi ya fi wanda ya kwafo rahoton wani kamfanin Legas daga intanet.

(KIƊA)

Saboda haka ina da roƙo, kashi uku.

Na farko gare ku iyayenmu 'yan kasuwa, masu gidajen mai, masu shagunan taki da maganin feshi, dillalan hatsi, shugabannin ƙungiyoyin gama kai. Alhaji, in yaro ya zo da wasiƙa, kada a mayar da shi ɗan aike. A zaunar da shi kusa da ciniki. Na san nuna wa wani cikin lissafinka abu ne mai nauyi, sirri ne. A fara da kaɗan: ya ƙirga kayan da suka shigo da waɗanda suka fita, ya rubuta masu bashi da ranar biya. In an ga amanarsa a ƙara masa. Kuma a yi ƙoƙari a yi wa kasuwanci rajista da hukumar CAC, domin makaranta ta fi sakin jiki da wurin da ke da suna da adireshi da hatimi.

Na biyu ga makarantu da ITF. A dubi waɗannan wurare da idon rahama. Shagon da ke da rajista a Batsari, ko sashen kuɗi na sakatariyar Safana, in har akwai aiki na gaske da mai kula da ɗalibi, ya cancanci a amince da shi. Inda hanya ta hana malami zuwa, akwai waya, akwai masu ilimi a garin da za a iya wakiltawa.

Na uku gare ka ɗana, gare ki 'yata. Rubuta littafinka kullum, da abin da ka yi da hannunka, ko da ƙirga kwali ne. Yi tambaya. Riga maigida zuwa. Kuɗin da ba naka ba, ko naira biyar ce, kada ta kwana a aljihunka, domin a kasuwa labarin amana ya fi takardar shaida saurin yawo. Ke kuma, ki tuna matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, masu ɗinki, masu adashi. Namiji ba zai shiga ya duba musu lissafi ba, ke za ki shiga. Shekarar nan guda da ke tsakanin ND da HND, kada a ɗauke ta hutu. Ita ce damar da za a gwada ƙaramin jari, a faɗi a tashi tun nauyi bai hau kai ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na so mu taɓo bambancin da ake nunawa tsakanin mai HND da mai digiri wajen ɗaukar aiki, wanda Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin soke shi a 2021 amma bai zama doka ba a lokacin. Na so kuma mu yi maganar inda ake samun jari. Lokaci ya ƙi. Za mu ware musu shiri na daban in Allah ya kai mu.

Wanda ke da ɗa ko 'ya da za su fita IT bana, a tambaye su tun yau ina za su, kuma wa zai koya musu. Allah ya ba yankinmu zaman lafiya, ya sa albarka a karatu da nema.

(KIƊAN RUFE SHIRI)